Ranar da Motata Ta Mutu a Gaban Ɗan Bumburutu

Ko zan manta da komai, ban da ranar ɗaurin auren ƙanena. Lokacin ban daɗe da sayen mota mai aiki da lantarki ba. Ta hannu ce, amma a unguwarmu a Karaye ni kaɗai ke da irinta. Kai, na yi ɗagawa! Har ta gaban gidan mai nake bi a hankali, ina ɗaga wa masu layi hannu.

Wanda ya sayar mini a Kano ya ce batirin ya fara tsufa, kada in riƙa cika shi maƙil kullum, kada kuma in bari ya ƙare ƙarƙaf, don hakan ke rage masa nisan zango. Na ce to. Da an kawo wuta sai in ɗura mata har wuya, in yi ta yawo sai ta kusa shiɗewa. Mu da muka saba tuƙi allurar mai na kan ja, wa zai koya mana mota?

A Beli za a ɗaura auren bayan sallar Juma'a, kuma Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ne wakilin ango. Ya so ya bi bas ɗin 'yan uwa, na ce, "Haba Baffa, ina raye ka shiga bas?"

Wuta ba ta zauna ba a ranar, cajin bai kai ko'ina ba, amma allon motar ya nuna za ta kai mu har da ragi, ni kuma na gaskata. Sai dai tafiya da dattijo ba ta yiwuwa babu gaisuwa. Duk ƙauyen da muka ratsa Baffa na da aboki. A tsaya, ina gajiya, ina iyali, yaya damina, ni kuwa na bar na'urar sanyi a kunne don su leƙo su ji. Mutum uku ma muka rage wa hanya.

Mun shiga ƙasar Rogo ke nan motar ta fara tafiyar hawainiya, can ta tsaya cak, daidai teburin wani ɗan bumburutu. Ya rugo da mazurari yana murna. "Alhaji, galan nawa?"

Baffa ya ce, "Saya mana mu tafi, lokaci na ƙurewa."

Na ce, "Baffa, ba ta shan mai."

"To me take sha?"

"Wuta."

Ya dubi gonakin masara hagu da dama, ya dube ni, ya ce, "Allah ya shirye ka."

Wayata sai ruri take, ango ne kamar zai yi kuka, wai liman ya gaji da jira, dangin amarya sun fara ƙunƙuni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ɗan bumburutun nan ne ya goya Baffa a babur ɗinsa, suka isa babbar riga duk taɓo, aka ɗaura da ƙyar.

Ni kuwa shanun huɗa ne suka ja ni da motar zuwa ƙauye mafi kusa. Ina zaune a ciki ina riƙe da sitiyari, sai ga bas ɗin 'yan uwa ta dawo. Direban ya rage gudu, kowa ya leƙo yana ɗaga mini hannu.

Tun ranar na koyi cewa in aka faɗa maka iyakar abu, ka ji. Kuma kada ka yi wa mai layin mai dariya, shi aƙalla ana sayar da nasa a galan.