Gashin Bakin Kawu da Na'urar Barci

Ka taɓa zama a kujerar aski ka ji hannun mai askin ya yi maka nauyi a ka, ka ɗaga ido a madubi ka gan shi yana gyangyaɗi da kilifa a hannu? Abin da ya fara kore wa kawuna mutane ke nan.

Kawu mai aski ne, kuma tun ina yaro da gashin baki aka san shi. Kauri gare shi, baƙi wuluk, har da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba. Shagon kujera biyu ne, da madubi mai tsaga a gefe, da bencin da masu jira ke gardamar ƙwallo a kai. Ni caja da murfin waya nake sayarwa a ƙofa ta gaba, kuma ba na ganin abu ban ƙirga ba, don haka na riga shi lura cewa bencin ya fara zama fayau. Ranar da barci ya fizge shi ya yi wa wani direba hanya a tsakiyar kai, mutumin ya tashi da rabin aski ya tsallaka titi wajen Dogo, abokin takararsa. Na ce, "Kawu, gobe sai asibiti."

"Asibitin me? Gajiya ce."

"Gajiyar ce ta mayar da Anti kwana a falo?"

Anti, matarsa, ta daɗe tana faɗa: minshari kamar injin niƙa, sai ya yi tsit, sai ya zabura yana haki. Da muka je asibiti, gwaji ya nuna numfashinsa na ɗaukewa fiye da sau talatin a awa guda, saboda maƙogwaron na rufewa in ya yi barci. Aka haɗa shi da na'ura. 'Yar ƙarama ce, tana da tiyo da takunkumin roba da ke zama a kan hanci, tana tura iska a hankali don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. A gefenta akwai ɗan tanki da ake zuba wa tataccen ruwa, yana ɗumama iskar ya sa mata danshi.

Farkon abin ba daɗi. Ya tashi hanci ya bushe ƙayau, sai ya murɗa danshin har ƙarshe, don shi Kawu bai san tsaka-tsaki ba. Washegari ya shigo shago yana faɗa, wai na'urar ta yi masa wanka. Raɓa ce ta taru a tiyo ta gangaro masa a fuska. Nas ta ce a rage danshin kaɗan, a sauke na'urar ƙasa da gado, a kuma lulluɓe tiyon. Anti ta ɗinka wa tiyon riga da tsohon tawul ɗin shago, aka wuce wannan.

Saura fitar iska. Iska na sulalewa ta ƙasan takunkumin tana hura masa ido, barcin bai yi nisa ba ya farka. Ya matse igiyoyin har suka yi masa shaida a kumatu, 'yan benci suka samu abin yi.

"Maigida, wa ya ɗaure ka jiya?"

"Wanda zai ɗaure bakinka yau."

Da muka koma asibiti, nas ta dube shi kawai ta ce, "Baba, robar ba ta kama fata. A kan gashi take zaune." Ta ba shi wani irin takunkumi mai shiga ƙofar hanci, ya gwada ya ce shi ba zai iya ba. To, saura a rage gashin baki.

Kwana da kwanaki ya yi yana ɗaga kilifa gaban madubi yana ajiyewa. Mutumin da ya aske rabin unguwa, hannunsa ya ƙi nasa. A tsakanin nan ya sake gyangyaɗawa wani dattijo na kan kujera. Bai yanke shi ba, amma dattijon ya ce, "Ɗana, ka huta, na dawo wani lokaci." Kawu ya san ba zai dawo ba.

Da hantsi ya cire rigar aiki ya tsallaka titi. Na rufe teburina na bi shi.

Dogo ya gan shi ya miƙe. "Lafiya? Aron kilifa ka zo?"

"Aron hannu. Rage min wannan. Ragewa na ce, ba sharewa ba."

"Ikon Allah! Bari in kira mai hoto."

"Ka kira, in gaya wa mutane wa ya koya maka riƙe aska."

Dogo ya yi dariya, ya ɗaura masa mayafi, ya yi aikin a natse. Ya sauke gashin ƙasa sosai daidai inda robar ke zama, ya bar masa gefe da gefe. Kawu ya daɗe yana kallon madubi, ya ce, "Hagu ta fi dama." Dogo ya ce ya je ya gyara da kansa.

Washegari na leƙa lambar da na'urar ke nunawa da safe: ɗaukewar numfashi ta dawo uku a awa. Kawu kuwa ba ruwansa da lamba. Abin da ya ce shi ne ya yi mafarki, kuma ya manta rabon da ya yi. Anti ta koma ɗaki, ta ce ƙarar na'urar ba ta kai ta fanka ba. Yanzu da safe yana zubar da ragowar ruwan tankin, ya wanke robar da sabulu marar ƙamshi, ya shanya ta kusa da matazansa, kamar dai kayan aiki. Duk mako yana tsallakawa wajen Dogo, su yi musu, ya dawo. Masu zuwa aski suna dawowa da ɗai-ɗai.

In ana ce maka kana minshari kana yin tsit, je a gwada ka. In kuma an ba ka na'urar tana ba ka wahala, kada ka tura ta ƙarƙashin gado. Saka takunkumin da rana kana zaune, kunna, ka bi gefensa da yatsa ka ji inda iska ke fita, ka kai wa nas labari. Gwada yau ɗin nan.