Wa'azin Kawu na Ƙarshe

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Zariya, an koya mana yadda ake feɗe jawabi: wa ya yi magana, ga su wa, me yake so su yi, da wace dabara ya ja hankalinsu. Malamin da ke koyar da wannan shi ne kuma ke koya mana rubutun aiki, irin su rahoto da sanarwa da jawabin da za ka rubuta wani ya karanta. Da aka zo aikin kammalawa, ya ce kowa ya nemo mai magana na gaske, ya ɗauki muryarsa a kaset, ya yi nazari a kai. 'Yan ajinmu suka bazama neman manyan gwamnati. Ni kuwa kawuna nake so.

Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwarta. Manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma, kuma mai bishara a majami'armu. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Har na zama budurwa "kai" yake ce mini. Amma in ya hau wa'azi, yakan fara da murya ƙasa-ƙasa kamar mai hirar gona, har mata su riƙa tsawata wa yara don su ji. Can sai ya jefa tambaya, ya yi shiru, ya bar kowa da ita. Ina aji, malami na bayanin amfanin shiru a cikin jawabi, ni fuskar Kawu nake gani.

Na ari rikoda, na sayi batir, na hau jirgin ƙasa zuwa Kafanchan da hutun damina. Daga nan na bi motar kasuwa. A bakin gida matarsa, wadda muke kira Mama, ta tare ni. Ba ta yi guɗar da ta saba ba.

"Ba mu aika ba, 'yata," in ji ta, "don kada karatu ya lalace. A gona ya faɗi."

Na same shi kwance, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace. Ya gane ni sarai. Ya buɗe baki zai yi mini maraba, abin da ya fito ba magana ba ce. Na tura rikodar ƙarƙashin gado da ƙafa, amma ya riga ya gani. Ya yi ta nuna ta da hannun hagu har na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ranar Lahadi ya ƙi a bar shi a gida. Mama ta roƙe shi, ya kau da kai. Dattawan ikkilisiya biyu suka ɗauke shi a kujera zuwa majami'a, suka ajiye shi a gaba. Ya dube ni, ya ɗaga gira, na danna rikoda.

"'Yan'uwa," ya ce. Kalmar ta fito tas, har wata tsohuwa ta ce amin.

Daga nan magana ba ta ƙara fitowa ba. Leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Mutane suka sunkuyar da kai. Wannan ba irin shirun da suka sani ba ne. Ruwa ya fara dukan kwanon rufi. Da abin ya yi tsawo, shugabar zumuntar mata ta ɗauko waƙa da yarenmu, kowa ya kama, hawaye na bin kuncin Kawu ba mai share masa.

Da muka dawo gida ya nemi in kunna masa. Ya saurari kalmarsa ɗaya, da ruwan, da waƙar. Bai bari ta ƙare ba, ya yi mini alama in kashe, ya juya fuska bango.

Da na koma makaranta na kai wa malamina kaset ɗin, na ce ba ni da aiki. Ya saurara har ƙarshe.

"Waɗanda suka taɓa jin sa suna nan da rai?" ya tambaye ni.

Haka na koma na bi gida-gida, tsofaffi suna faɗa mini abin da suka riƙe daga wa'azinsa, wani ya tuna misalin akuya, wata ta tuna ranar da ya sulhunta ta da surukarta daga kan bagade ba tare da ya kira suna ba. Da wannan na rubuta aikina, aka karɓa.

Kawu ya rasu kafin a tone citta. Dattawa suka ce tunda ni na yi karatun rubutu, in rubuta tarihinsa da za a karanta wurin biso, wato jana'izarsa, kada ya wuce shafi ɗaya. Na rubuta, na yanke, na sake yankewa har ya shiga. Fasto ne ya karanta, da sauri, domin akwai baƙin da za su koma Kafanchan kafin motar ƙarshe ta tashi.