Shekarar Wuta a Al Qusais

A shekarar dubu biyu da bakwai ina aiki a wani sito a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa, muna ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya ana kaiwa tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Matata na Kano, cikinta ya shiga wata na tara, fasfona kuwa yana wajen sabunta biza. Kullum sai a ce in dawo jibi. Na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki waya, in ajiye, in fita bakin ƙofa, zafi ya koro ni ciki.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne ɗan Caina mai sayar da tayil. Da gurguwar Turancinsa da guntun Larabcina muke gaisawa. Wata safiya ya gaji da zaryata, ya yafito ni, yana ce mini da Larabci in bi a hankali.

"Shwaiya shwaiya, habibi. Zauna."

A bangonsa akwai kalanda mai siraran takardu, kowace safiya yana yage ɗaya. Na tambaye shi ma'anar rubutun, don dai in rage tunani. Ya buɗe yatsunsa biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Ya ce su ke karɓa-karɓa a lissafinsu, kowanne ya riƙe shekara biyu a jere, sai ya miƙa wa na gaba. Yini da dare ma kashi goma sha biyu ne, awa bibbiyu, kowane kashi da nasa cikin biyar ɗin, kuma shekara da kashi kowanne da dabbarsa.

"Bana fa?"

"Wuta. Dabbarta kuma alade."

"Baba, wannan ba zan faɗa a gida ba."

Ya yi dariya har da tari. Na ce masa mu a wajenmu gaibu sai Allah. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ba malamin duba ba ne, haka kakarsa ta koya masa ƙidayar kwanaki.

Bayan kwana huɗu, sha ɗaya da rabi na safe, ina kan tsani wayata ta yi ƙara. Yayata ce. An sauka yanzun nan, mace, duk suna lafiya. Ban san lokacin da na dira ƙasa ba. Babu ɗan garinmu ko ɗaya a siton, sai na ruga wajen dattijon.

Ya riƙe hannuna, ya dubi agogo. "Lokacin doki, shi ma na wuta ne, wuta kan wuta ke nan. Za ka sha fama." Sai ya tsaya. "Ƙarfe nawa a garinku?"

"Takwas da rabi."

Ya sake ƙirgawa a gaɓoɓin yatsunsa. "A'a, ashe lokacin ƙasa ne. Da agogon inda ta faɗo ake yi."

Ya yage takardar ranar tun ba ta ƙare ba, ya ninke ya ba ni.

Fasfon bai fito ba sai bayan mako uku. Ta waya na ji hayaniyar suna, ina tsaye tsakanin kwalaye, ina ta cewa a ɗaga murya.