Gurbin da bai tsiro ba

Ɗana na fari a ɗakin surukata ya tashi, nan cikin gidanmu na Roni. Ba na kiran sunansa, shi kuma Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗi. Ko bayan rasuwar tsohuwa, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai in zan aike shi in ce, "Kai wannan." Haka na ga iyayena sun yi da ɗan fari.

Shekarar da ya zauna jarrabawar shiga jami'a a Kazaure, sakamako ya zo masa ta waya ana tsakiyar zafin bazara. Mahaifinsa ya shigo da fara'a ya ce yaro ya ci. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, ni kuwa ina kawar da kai, alhali cikina fari tas.

Washegari da hantsi ina ɓarar gyadar iri, sai na ga inuwar mutum. Shi ne. Ya durƙusa, har ya zauna a bakin tabarmata, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, shawara na kawo."

Na waiga ko akwai wata a bayana. Babu kowa.

Ya miƙo wayar. Na yi ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi, lambobi kuwa ba sa ba ni wuya. Darasi huɗu ne. Uku sun yi kyau, na huɗun, kemistiri, ko rabin 'yan'uwansa bai kai ba. Ya ce shi ya jawo jimlar ƙasa: za a ɗauke shi wani fannin, amma likitancin da yake so ya fi ƙarfinta. Baba ya ce ya karɓi abin da ya samu, shi kuwa so yake ya sake baɗi.

Sai na tuna malamarmu ta yaƙi da jahilci. In ka faɗi lissafi, lissafin kaɗai take sake maka. Manomi ma ba ya tone gona don gurbi ɗaya bai tsiro ba, cike shi yake yi. Ina kallon gyadata na ce, "To, a sake mana." Da mahaifinsa ya dawo daga masallaci na shigar masa da maganar. Ya dube ni ya ce, "Yau ke ce da bakin magana a kan wannan yaron? To, na bar muku."

Ana haka ƙanwar maigidan, malamar firamare ce a Gwiwa, ta zo yi mana barka. Da ta ji labari ta dafe ƙirji.

"Matar yaya, kin san abin da kika yi kuwa? Ai ba guda ɗaya ake sakewa ba. Duka huɗun zai zauna, waɗannan ukun masu kyau sun bi ruwa. In baɗi ta zo da gardama, ba tsuntsu ba tarko!"

Na ce, "Har ukun?" Ta ce, "Har su." Na sake tambaya, ta sake faɗi. Wace irin jarrabawa ce za ta ƙwace wa yaro abin da ya riga ya ci? Ga shi maganata ta farko a kansa, kuma da ita uban ya sakar masa.

Na aika a kira shi. Ya zo ya durƙusa, na dubi fuskarsa sosai. Ashe har gemu ya fara fito masa.

"Ka san duka za su tafi?"

"Na sani, Yaya."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Na zaci kin sani. Da kika ce a sake, sai na ji tsoron ya fita daga raina."

Goggonsa ta ce in je in janye tun dare bai yi ba, ai maigidan zai ji daɗi. Sai na tambayi yaron wa ke koyar da kemistirin nan da kyau. Ya ce akwai wani malami a Kazaure, Asabar da Lahadi yake yi.

Na ce, "Gobe Asabar. Ka yi sammako, kada 'yan acaɓa su watse."