Gadon aurena a cikin motar Kawu

Duk wanda ya zauna a Moshi Zango ya san Kawu Bawa fita, mai gyaran mota, ba ya yarda da abu sai ya girgiza shi. Kujera, ƙofa, tsani, duk ɗaya. Ranar da Malam Idi ya zo neman aurena, Kawu ya dafa kafaɗunsa ya jijjiga shi har hularsa ta faɗi, sannan ya ce, "To, wannan zai riƙe." Liman sai da ya toshe baki da rawani.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma. Ita kuwa Mma tana can Salaga, ciwon ido yana cin ta. Da na haifi Hadiza ta aiko cewa in kai mata yarinyar tun tana iya ganin fuska. Ni kuma a kwanakin ne wata babbar mota ta kife a gangaren Mamfon, kan hanyar Salaga, rufin katako ya danne mutane. Na ce wallahi ba inda za ni da jaririya. Na yi ta kuka, ga tsoron hanya, ga idon Mma.

 Na dawo daga ɗibar ruwa, sai na tarar da katifata a ƙasa. Gadon ƙarfena, na aure, babu shi!

"Kawu, ina gadona?"

"Na ara."

"Aro? Ga shi can kana yanka shi da zarto!"

"Ladi, wa ya saya miki? Ƙarfen kasuwa na yanzu gwangwani ne. Wannan na girgiza shi tun a kanti."

Akwai wata tsohuwar mota da wani dillalin shanu ya jefar masa. Kawu ya lanƙwasa ƙarfen gadon, ya yi masa walda a cikinta, daga ƙasa zuwa rufi, ya gitta wani ta sama, ta koma kamar kejin kaji. Har ƙwallayen tagullar nan na kan gado bai cire ba, wai ado ne.

Na ce ni dai ban yarda ba. Ai kuwa sai ya tara mahauta da 'yan dako a fili, ya shige cikin motar, ya ce, "Ku kifar da ni!"

"Baba Bawa, ka haukace ne?"

"Ku kifar, 'yata tana kallo!"

Suka kama suka ce bismillahi. Mota ta juya ƙafafu sama, mata suna salati. Can sai ga Kawu ya rarrafo, goshi ya kumbura kamar ƙwan zabo.

"Kin gani? Rufi ko motsi! Kaina ne kawai ban yi wa walda ba."

A ranar ya farke katifar ma, ya naɗe ƙarfen da audugarta. Malam Idi ya buɗe baki, Kawu ya ce, "Kai, tabarma ta taɓa kashe wani?"

Sai ranar tafiya muka gane ƙarfe ya tokare ƙofofin baya. Ta taga na shiga, aka miƙo mini Hadiza kamar ƙunshin goro. Da muka kai gangaren Mamfon na runtse ido ina addu'a. Na buɗe, sai na ga wata mata da itace a ka tana wuce mu a ƙafa.

"Kawu, duk wannan ƙarfe, kuma ba za ka yi gudu ba?"

"Ƙarfen don zuciyarki na sa shi. Yarinyar kuwa, a hankali za a kai ta."

Mun isa. Mma ta kai Hadiza bakin ƙofa inda haske yake, ta matso da ita dab da fuskarta, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Hancin Bawa ne." Kawu ya juya baya, wai zai duba taya.

Bara muka rasa shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya kai shi gida lafiya kamar yadda ya kai mu. Amin.