Baba Fenti, Mai Zanen Allon Silima

Baba Fenti ake kiransa tun kafin furfura ta fito masa, domin ba ka raba shi da ɗigon launi a farce ko a gira. Shekara talatin da 'yan kai shi ke zana allon da ake kafawa a ƙofar gidan silimar bakin kasuwa. Ɗakin aikinsa a bayan ginin yake, ƙarƙashin matakala: gwangwanayen fenti jere a kan katako, burusai a jiƙe cikin kananzir, ga wata 'yar taga da rana ke leƙowa ta ciki da hantsi.

Duk ranar da sabon fim ya iso, abokinsa Mai Inji, wanda ke haska fim ɗin, yakan gwada shi da safe kafin a buɗe wa jama'a. Sai Baba Fenti ya zauna shi kaɗai a tsakiyar kujeru ɗari huɗu, fankoki na juyawa a hankali, haske ya ratso duhu ta saman kansa ya sauka a farin bango. A nan ya ga jiragen ruwa, da duwatsun da ƙanƙara ta rufe, da titunan da ruwan sama ke sa su sheƙi. Bai taɓa tafiyar da ta wuce ta kwana guda ba, amma in ya fito sai ya tsaya yana ƙifta ido kamar baƙon da mota ta sauke yanzu.

"Me za ka zana mana?" Mai Inji yakan tambaye shi.

"Farin doki a bakin kogi."

"Dokin da sau ɗaya ya gifta?"

"Ni dai a idona ya tsaya."

Matarsa kan ce mutum guda ta aura, amma kullum rabi ake dawo mata da shi, sauran yana can cikin bango. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya miƙa mata hannu ta goge masa fenti.

Ana nan sai al'amura suka fara tsukewa a gari. Aka rufe masaƙar da ke bayan tasha, ma'aikatan da ke cika kujerun gaba ran albashi suka watse neman abin sawa a baki. Layin tikiti da a da yake kaiwa har shagon aski ya koma bai wuce inuwar ƙofa ba. Ga talabijin ta shiga kowane falo, daga baya kowa ya sa fim a aljihunsa cikin waya. Maigidan silima ya rage ranakun haskawa zuwa uku, sannan biyu. Aka kashe rabin fankokin. Kujerar da ta karye sai a jingine ta da bango a bar ta.

Har gidan Baba Fenti abin ya iso. Babbar 'yarsa ta sayo musu talabijin, ta ce, "Baba, ga silima har ɗaki, ka huta da kai da kawowa."

Ya duƙa ya daɗe yana kallon akwatin. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma mutanen nan ba sa takura a ciki?"

Jikoki suka yi ta dariya. Shi da gaske yake.

Wata ranar Asabar da la'asar, mutum ɗaya tak ya zo kallo: wata dattijuwa da sanda da jakar leda. Maigidan ya ce ba za a tada inji don kai guda ba. Mai Inji bai yi musu ba, ya haye sama kawai ya kunna. Baba Fenti ya ga bai dace a bar ta ita kaɗai a wannan makeken ɗaki ba, ya shiga ya zauna, kujera biyu tsakaninsu. Ba ta motsa ba har aka gama.

Da aka kunna fitilu ta juyo. "Kai ne mai zanen ƙofa?"

"Ni ne, Iya."

"Sati guda ina wucewa ina kallon tekun nan naka. Marigayi mijina ya sha yi mini alkawarin zai kai ni in gani, Allah bai nufa ba. Na ce bari in shigo." Ta dafa sandarta ta miƙe. "Nasu tekun bai kai naka ba. Amma na gani."

Ya raka ta har titi. Da ya koma ƙarƙashin matakala bai iya ɗaukar burushi ba ran nan.

Wata biyu bayan haka aka rufe silimar. Wani mai sayar da katifu ya karɓi ginin, aka kwashe kujeru, aka tara katifu har kusa da rufi. Mai Inji ya buɗe rumfar gyaran fanka da rediyo a tsallaken titi. Sabon maigidan ya aika a kira Baba Fenti ya zana masa allo: katifa, da lambar waya, shi ke nan.

Kwana huɗu ya yi a kai. Da aka ɗaga allon sai ga katifa tana shawagi a kan gajimare, wani magidanci kwance a kanta, takalminsa ɗaya na faɗowa ƙasa.

"Baba, katifa na ce fa," in ji mai katifun.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ga lambar a ƙasa."

Mutumin ya so a goge, amma kafin azahar mutane sun fara tsayawa suna nunawa da yatsa, sai ya bari.

Yanzu hannun Baba Fenti ya soma rawa, ƙananan haruffa sun fi ƙarfinsa, sai aikin bango da na ƙofar shago yake karɓa jefi-jefi. Da yamma yakan zauna a bencin Mai Inji, su yi ta gardama a kan wani tsohon fim da kowannensu ke tuna ƙarshensa daban. Har yau ba su daidaita ba, kuma babu wanda ya ce a nemo shi a waya a duba.