Ƙugu Inci Talatin

Yayana tela ne, kuma abin da awo bai nuna masa ba, ba ya yarda da shi. Shekara talatin yana shago ɗaya, tef a wuya, allura a baki, ƙafar dama tana taka keke. Siriri ne har muna tsokanarsa cewa ragowar yadi ta ishe shi wando.

Mazan gidanmu ba sa daɗewa. Hawan jini ya ɗauke Baba yana da hamsin da shida. Baffa zuciyarsa ce ta tsaya ana cikin hira. Mu mata kuwa, Gwaggo ta haura tamanin, har yanzu faɗa take da maƙwabta.

Da autanmu ya fara ciwon kai, na ja su duka biyun asibiti. Likita ya gwada su, ya rubuta musu magani iri ɗaya. Ya ce ana zaton abin yana iya bin jinin maza, daga uba zuwa ɗa, da ƙiba ko babu.

Muna fitowa Yaya ya ce min, "Ke, ni nake ɗinka wa Baba wando. Ƙugunsa arba'in da huɗu. Baffa arba'in da shida. Auta arba'in da biyu. Ni fa? Talatin, tun ina saurayi. Ciwon nan tumbi yake bi."

"Yaya, don Allah ka sha maganin."

"Zan sha."

Ashe duk wata sai ya kai wa Auta nasa maganin, wai shi ya fi buƙata. Shi kuma sakaran yana karɓa yana godiya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san wa zan zaga ba.

Wata Talata da hantsi, mai kawo wa Yaya zare ya tarar da shi kife a kan keken. Bai mutu ba. Ɓarin damansa ne ya shanye, ƙafar ba ta sake taka komai ba.

Jiya 'ya'yansa suka zo duba shi, maza huɗu, dukansu magidanta, suka cika ɗakin da dariyar ƙarfin hali. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Da suka fita, ya yafito ni da hannun hagu. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunnena bakinsa.

"Da ma mata na haifa," ya ce.